Babi na Bakwai: Ziyarar Ilimi a Darasin Hausa, Misali daga Gidan Katta zuwa Tafkin Kalmalo

7.0 Gabatarwa

Ziyarar ilimi tana cikin dabarun koyarwa da ake yawan ambatawa a kwalejojin ilimi, amma ba a cika aiwatar da ita a makarantu ba. Inda ma aka aiwatar, sau da yawa takan zama yawon shan iska, ɗalibai su je su dawo ba tare da wani abin da za a auna ba. Wannan babi zai bayyana yadda malamin Hausa zai shirya ziyarar yini ɗaya zuwa dausayi ko wani wuri mai kama da shi. An ɗauki misalin malamin da ke koyarwa a Gidan Katta, cikin Ƙaramar Hukumar Illela ta Jihar Sakkwato, wanda ke son kai ɗalibansa Tafkin Kalmalo.

7.1 Manufar Babi

A ƙarshen wannan babi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bambance tsakanin dausayi da tafki da fadama;
(b) bayyana amfanin irin wannan ziyara ga darasin Hausa;
(c) tsara matakan ziyara tun daga neman izini har zuwa rubuta rahoto;
(d) gane lokacin da ya wajaba a fasa tafiya.

7.2 Dausayi da Makamantansa

Dausayi wuri ne mai ruwa da tsirrai a tsakiyar busasshiyar ƙasa. A hamada, ruwansa yakan fito ne daga ƙarƙashin ƙasa, ko dai ta marmaro ko ta rijiyoyi marasa zurfi, don haka ba ya dogara da ruwan saman shekarar. Shi ya sa dabino ke rayuwa a Bilma da Fachi, a Jamhuriyar Nijar, inda shekara kan wuce ba a sami ruwan kirki ba. Zuwa waɗannan garuruwa ne ayarin raƙuman Buzaye ke ratsa hamadar Tenere bayan damina, su kai gero su ɗauko gishirin kantu da dabino. Akwai kuma Timiya cikin duwatsun Azbin, wadda ta yi suna wajen lambunan lemo. A Nijeriya, misalan da suka fi kusa da wannan siffa su ne kwarurrukan da ke tsakanin tuddan rairayi a Ƙaramar Hukumar Yusufari ta Jihar Yobe, irin su Tulo-Tulo da Bulatura.

Tafki kuwa ruwa ne da ya taru a kwari daga ruwan sama ko daga wani rafi. Fadama ita ce ƙasa mai danshi a gefen tafki ko gulbi, inda ake noman rani bayan ruwa ya janye. A bisa wannan bayani, Kalmalo tafki ne mai fadama. Ya kamata malami ya faɗa wa ɗalibansa haka tun farko, domin kiran abu da sunansa shi ne aikin farko na mai koyar da harshe. Duk da haka, aikin da tafkin ke yi wa mutanen yankin da rani irin aikin dausayi ne: manomi da masunci da makiyayi duk nan suke haɗuwa lokacin da sauran ƙasa ta bushe. Tun da Bilma ko Yusufari sun fi ƙarfin tafiyar yini ɗaya, malamin Gidan Katta zai koyar da darasin dausayi da abin da ke kusa da shi.

7.3 Abin da Malami Zai Sani Game da Kalmalo

Kalmalo da Gidan Katta duk mazaɓu ne a Ƙaramar Hukumar Illela, wadda ke iyaka da Birnin Ƙwanni na Nijar. Tafkin yana samun ruwa daga ruwan sama da kuma kwarin Majiya, wanda ya gangaro daga jihar Tawa. Ke nan abin da ya faru da ruwa a ƙetaren iyaka yana shafar manomin albasa a Kalmalo. An gina madatsun ruwa a kan Majiya, irin su Mozage da Zango, domin noman rani a yankin Ƙwanni. Wannan, tare da farin shekarun 1970 da na 1980 da kuma yashin da ke cike kwari, yana cikin dalilan da ake dangantawa da ja da bayan tafkin.

Gwamnatocin ƙasashen biyu sun san da matsalar rabon ruwa. A shekarar 1990 suka sa hannu kan yarjejeniya a Maiduguri game da ruwayen da suka haɗa su, kuma Majiya na cikin kwaruruka huɗu da yarjejeniyar ta ƙunsa. A kwarin Majiya ɗin ne kuma aka fara dasa layukan dogon yaro domin kare gonaki daga iska a shekarar 1975, aikin da ya yi suna ƙwarai a fagen yaƙi da gurgusowar hamada. Sakkwato tana cikin jihohi 11 na arewa da aka sa a gaba a wannan yaƙi, waɗanda aka kafa wa hukuma ta musamman a 2015.

Malamin Hausa ba zai mayar da darasinsa na labarin ƙasa ba, amma idan bai san waɗannan abubuwa ba, ba zai fahimci amsar dattijon da aka tambaya ina kifin da ya tafi ba.

7.4 Amfanin Ziyarar ga Darasin Hausa

Na farko, kalmomi. Kowace sana'a tana ɗauke da kalmominta, kuma idan sana'ar ta raunana, kalmomin sukan bi ta. Yaron da ya tashi ya tarar ana ban-ruwa da injin, da wuya ya san jigo. Wanda bai taɓa ganin su ba, ba zai bambance taru da koma ko birgi ba, kuma ba zai san yadda gaiwa ke shiga taɓo ta jira dawowar ruwa ba. A bakin tafki, ɗalibi zai ga abin, ya ji sunansa daga bakin mai amfani da shi. Hausawa na cewa gani ya kori ji.

Na biyu, karin harshe. Ɗaliban Illela suna magana da Sakkwatanci a gida, suna rubuta Daidaitacciyar Hausa a makaranta, kuma da yawansu suna ɗaukar na gidan a matsayin kuskure. Ziyara dama ce ta nuna musu cewa karinsu yana da tsari. Ga misalan abin da za su iya ji:

hwadama (fadama)
tahi (tafi)
biyat (biyar)
munka zo (muka zo)
yaz zo (ya zo)
ita ta (ita ce)

Idan suka jera irin waɗannan, su da kansu za su gano ƙa'idar da ke bayansu, misali yadda "f" ke komawa "hw" kafin wasalin "a", ta koma "h" kafin "i".

Na uku, adabin baka da tarihi. Wuraren ruwa ba sa rabuwa da labarai, camfe-camfe, kirarin masunta da waƙoƙin aiki. Na huɗu, ladabin magana: yadda ake gaisuwa, yadda ake tambayar babba, da yadda ake sallama.

7.5 Shiri Kafin Tafiya

1. Ƙayyade manufa. Malami ya rubuta abin da yake son ɗalibai su dawo da shi, a cikin jimla biyu ko uku da za a iya aunawa. "Ganin tafki" bai isa manufa ba. "Tattara sunayen kayan su guda goma da bayanin aikin kowanne" manufa ce.

2. Neman izini. A fara da shugaban makaranta, shi kuma ya sanar da ofishin ilimin da makarantar ke ƙarƙashinsa. A nemi amincewar iyaye a rubuce, a gaya musu lokacin tashi da na dawowa da sunayen malaman da za su raka. Sannan a kai gaisuwa ga shugabannin gargajiya na wurin da za a je. A tsarin Sakkwato, uban ƙasa ne ke sama, hakimi na ƙarƙashinsa, sai mai unguwa. Baƙon da ya shiga gari ta ƙofar hakimi ba ya rasa mai amsa masa tambaya.

3. Ziyarar share fage. Wajibi ne malami ya je da kansa kafin ranar. Ya ga yanayin hanya, ya ga ko akwai ruwa a tafkin a wannan shekarar, ya nemi inuwar da za a zauna da wurin alwala da bayan gida.

4. Zaɓen jagora. Fatake ba sa tashi sai da madugu, kuma ayari ba ya motsawa sai jagaba ya shige gaba. Haka ziyara take. Jagora ya kasance ɗan wurin, wanda hakimi ya sani, mai haƙuri da tambayar yara. Sarkin Ruwa ko Sarkin Noma ko wanda suka wakilta ya fi dacewa. Malami ya zauna da shi, ya bayyana masa manufar ziyarar da shekarun ɗaliban, su kuma daidaita kan abin hasafin da za a ba shi, domin ya bar aikinsa na yini.

5. Zaɓen lokaci. Hunturu ya fi dacewa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da lambuna suka yi kore kuma rana ba ta da zafi. A guji bazara, domin daga Maris zuwa Mayu zafin yankin Sakkwato yakan haura digiri 40. A guji Juma'a saboda gajartar yini.

6. Rarraba aiki. A kasa ɗalibai rukuni huɗu: na tsirrai da itatuwa, na sana'o'i da kayan aiki, na karin harshe, da na tarihi da adabin baka. Kowane rukuni ya shirya tambayoyinsa a aji, malami ya duba su. Tambayar da amsarta "i" ko "a'a" ce ba ta buɗe bakin dattijo.

7.6 Tsaro

Wannan shi ne sashe mafi nauyi, domin 'ya'yan mutane amana ne. Sassa na gabashi da arewacin Jihar Sakkwato sun sha fama da hare-haren 'yan bindiga, musamman tun daga 2018. Saboda haka dole malami ya tuntuɓi jami'an tsaro da hakimi mako guda kafin tafiya, ya sake tuntuɓar su da safiyar ranar. Idan aka sami ko da kokwanto, a fasa. Ana iya gayyato jagoran zuwa makaranta ya zo da taru da ƙwarya da ganyayen da ake son nunawa. Darasi yana da rana ta biyu, rai kuwa ba shi da ita.

Kada a ƙetare iyaka da ɗalibai, ko da jagora ya ce wurin kusa ne kuma mutanen 'yan'uwa ne. Dokokin iyaka suna sauyawa ba zato: an rufe iyakar Illela daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024.

A bakin ruwa, kada a bar kowa ya shiga wanka ko jirgi. Bayan haɗarin nutsewa, ruwan tafki yana iya ɗauke da cutar tsargiya. A tafi da isasshen ruwan sha daga gida da akwatin taimakon gaggawa. Kowane malami ya riƙe ɗaliban da ba su wuce goma ba, kuma idan akwai 'yan mata, a tafi da malama. A ƙirga ɗalibai da sunayensu kafin tashi, da lokacin isa, da kafin juyowa.

7.7 Ranar Ziyara

A tashi da sassafe. Da isa, a fara da ƙofar hakimi, ɗalibai su durƙusa su yi gaisuwa: "Ranka ya daɗe, mun zo neman ilimi ne." Ga manomi a lambu, a fara da "Sannu da aiki, Baba," a jira ya amsa, sannan a nemi izinin tambaya. Ga mace dattijuwa, "Sannu, Inna." Ba a taka kwamin albasa, ba a tsinkar komai, ba a ɗaukar hoto ko murya sai da yardar mai abin.

Malami ya bar jagora ya yi bayani, kada ya riƙa gyara masa Hausa a gaban yara. Aikinsa shi ne lura da lokaci, jawo hankalin ɗalibai ga abin da za su tsallake, da tabbatar da cewa suna rubuta kalma yadda aka furta ta. Idan aka ce "hwara", su rubuta "hwara". Mayarwa zuwa daidaitacciya aikin aji ne. Bayan sallar Azahar da cin abinci, kowane rukuni ya karanta wa jagora abin da ya rubuta domin ya gyara. A kama hanya da wuri yadda kowane yaro zai isa gida kafin La'asar sakaliya.

7.8 Bayan Dawowa

Ziyarar da ba a bi ta da aiki ba, ta tashi a banza. A cikin makon da ya biyo baya, kowane rukuni ya gabatar da rahoto a aji. Daga nan malami zai fitar da ayyuka da dama: insha'in siffantawa a kan tafkin, wasiƙar godiya zuwa ga hakimi, jadawalin kwatanta Sakkwatanci da Daidaitacciyar Hausa, da muhawara kan rabon ruwa tsakanin manoma da makiyaya. A ƙarshe a haɗa kalmomin da aka tattara cikin littafi ɗaya, a rubuta kwanan wata, a ajiye a makaranta. Ajin da zai je bayan shekaru zai kwatanta abin da ya tarar da abin da na baya suka rubuta.

7.9 Kammalawa

An ga cewa ziyarar ilimi tana da matakai uku: shiri, aiwatarwa da bibiya, kuma mafi yawan aikin yana cikin na farko. Malamin da ke wani yanki sai ya duba abin da ke kusa da makarantarsa, ko tafki ne ko fadama ko tsohuwar rijiyar zango, ya bi waɗannan matakai.

7.10 Auna Fahimta

1. Bambance tsakanin dausayi da tafki da fadama, tare da misalai.
2. Ta yaya kwarin Majiya ya shafi Tafkin Kalmalo?
3. Kawo siffofi uku da ake nema ga jagoran ziyara.
4. Rubuta wasiƙar neman amincewar iyaye don ziyarar yini ɗaya.
5. Tsara tambayoyi goma da rukunin karin harshe zai yi wa masunci.