Idon Da Ke Ganin Zafi: Bayani Ga Masu Sana'a A Ƙasar Daura

Jama'a, babu wanda ya manta da shekarar 2020, lokacin da aka rufe garin Daura a watan Afrilu saboda cutar korona. A kwanakin nan kowa ya saba da 'yar bindigar roba da ake nuna wa mutum a goshi a ƙofar banki ko asibiti, ta faɗi zafin jikinsa ba tare da ta taɓa shi ba. To, tana da yaya, ana ce mata kyamarar zafi. Ita ƙanwar wuri ɗaya tak take aunawa, yayar kuwa dubban wurare take aunawa a lokaci guda, ta haɗa su su zama hoto. Inda ya fi zafi ya fito ja ko fari, inda ya fi sanyi ya fito shuɗi ko baƙi.

Yadda take aiki

Duk abin da Allah ya halitta yana fitar da wani irin haske gwargwadon zafinsa, amma idon ɗan Adam ba ya ganinsa. Wani masanin taurari a Ingila, William Herschel, shi ya gano wannan haske a 1800. Na'urar ba ta haska komai, karɓa kawai take yi, shi ya sa duhun dare ba ya hana ta gani. Da can sai sojoji da manyan kamfanoni ke iya mallakarta. A 2014 kamfanonin FLIR da Seek Thermal na Amurka suka fito da ƙanana waɗanda ake haɗawa da wayar hannu. Yau akwai na ƙasar Sin, wasu ba su kai akwatin ashana ba.

Wa za ta amfana?

Na farko shi ne mai gyaran wuta. Waya in ta yi sako-sako a mahaɗa, ko aka ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta, zafi take fara yi tun kafin ta yi hayaƙi. Ido ba ya gani, hannu kuma ba ya kusanta. Mai kyamara zai tsaya daga gefe ya ga jan tabo a cikin akwatin wuta, ya gyara da kuɗi kaɗan. Wanda ya ga yadda gobara ta ci babbar kasuwar Katsina a watan Maris 2021 ba ya bukatar a yi masa wa'azi a kan cewa rigakafi ya fi magani.

Na biyu mai haɗa sola. Gidaje da rijiyoyin burtsatse da yawa yanzu da rana suke aiki. Faifan sola in wani ɗan gidansa ya lalace, ko kashin tsuntsu ya rufe shi, wurin yakan fi sauran zafi. Haka kan batir da bai ɗauru sosai ba.

Na uku mai gyaran wayar hannu. Maimakon ya yi ta lalube, sai ya sa wa allon wayar wuta ya duba ɗan ƙarfen da ya fara ɗumi, nan matsalar take. Bakanike ma zai gane lagireton da ya toshe, domin rabinsa zai fito da zafi, rabi da sanyi.

Na huɗu masu kiwo. 'Yan tsaki a makonsu na farko suna son ɗumin da ya kai digiri 32 zuwa 35, kyamara kuwa za ta nuna kusurwar da sanyi ke shiga. A kasuwar dabbobi irin ta Mai'aduwa, malamin dabbobi na iya ganin ƙafa ko hantsar da ta fi 'yar'uwarta zafi, alamar kumburi ke nan. Amma alama ce kawai, sai an duba a san ciwon.

Abin da ba ta iya yi

A nan ake cutar mutane, don haka a kula. Ba ta gani ta cikin bango, ba ta hango ruwa ko zinariya a ƙarƙashin ƙasa, zafin fatar abu kawai take karantawa. Ko gilashin taga tare ta yake yi. Ƙarfe mai ƙyalli, kamar sabon kwanon rufi, yakan ruɗe ta, ta nuna zafin abin da ke gabansa. Dabarar masu aiki ita ce su manna baƙin salatif a kan ƙarfen, su auna a kansa. A watan Afrilu, in rana ta gasa bango da ƙasa suka haura digiri 40, komai sai ya yi ja. A fita da asuba ko bayan isha'i. Da dare za ta nuna mutum ko akuya a bayan gida, amma kada a dogara da ita wajen maciji, domin jikinsa zafin wurin da ya kwanta yake ɗauka. Da mutanen da ke ɗibar ruwa a rijiyar Kusugu sun samu irinta, da wuya ta nuna musu macijin da ke kwance a ciki.

Maganar kuɗi

Ƙananan da ake haɗawa da waya sukan kama daga wajen dala 200 zuwa 400. In dala tana naira 1,500, mafi araha ta kai naira 300,000, wato fiye da albashin wata huɗu na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ashe ba abin da magidanci zai saya ya ajiye a durowa ba ne. Kayan sana'a ce, kamar injin walda, sai ta yi aiki take biyan kanta.

Shawarar ita ce a haɗa hannu, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu gyaran wuta goma a Daura, ko a Zango, Baure da Sandamu, in kowa ya kawo naira 30,000, ko suka yi adashi, sun mallaki guda. A ajiye ta wurin shugaban ƙungiya, mai bukata ya ɗauka ya biya ɗan abin da aka yanka. 'Yan kasuwa kuma su riƙa kiran mai ita ya zagaya layinsu kafin hunturu, lokacin da iska ke rura wuta.

In za a saya, a tambayi yawan ɗigon hotonta. Mai 80 sau 60 tana nuna abu dishi-dishi, mai 256 sau 192 ta fi dacewa da aikin ƙananan wayoyi. A tabbata bakinta ya shiga wayarka. Sa'an nan a gwada ta a gaban mai sayarwa: ɗora tafin hannunka a bango, ka ƙirga goma, ka ɗauke. In sawun yatsunka biyar ya fito a hoton, ka biya. In bai fito ba, mai da kuɗinka aljihu.