Shin Aikin Ranar Lahadi Yana Da Ƙarin Kuɗi?

Tambaya: Ni mai gadi ne a wani kamfani a Tanut. Nakan kwana bakin aiki har ranar Lahadi, albashina kuwa bai taɓa motsawa ba. An ce sandika na iya ƙwato mini ƙari. Gaskiya ne?

Amsa: Malam, da gaskiya a ciki, amma da sharaɗi. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta ƙayyade aikin mako a kan awa 40, tare da hutun awa 24 a jere. Abin da ya haura waɗannan awowin ƙari ne, kuma ana biyansu fiye da na kullum. Idan suka faɗo ranar Lahadi ko ranar hutun ƙasa da rana, ƙarin kashi 50 cikin ɗari ne, idan da dare ne a ninka.

Ga inda ake yawan ruɗewa. Idan aikinka na karɓa-karɓa ne, aka ba ka hutu ranar Laraba, mai kamfani zai ce Lahadin taka tana cikin awowinka na mako. Aikin gadi ma yana da nasa lissafi. Don haka ka fara duba kwantaraginka da takardar albashi, ka riƙa rubuta lokacin shiga da na fita. Baki kaɗai ba ya cin shari'a.

Wannan ƙari ba kyautar kowa ba ce. Yarjejeniyar da aka ƙulla tsakanin ma'aikata da masu kamfanoni a 1972 ta tanade shi, kuma manyan ƙungiyoyin ƙwadago, wato sandikoki, irin su USTN da CDTN ne ke zama da gwamnati kan irin waɗannan batutuwa. Ko mafi ƙarancin albashi da ya tashi daga jika 30 da ɗoriya zuwa jika 42 a 2024, sai da suka daɗe suna matsa lamba. Ko a Ostireliya, da aka rage ƙarin Lahadi na ma'aikatan kantuna a 2017, sandikoki sun yi ta faɗa a kai har cikin yaƙin neman zaɓe.

A ganina matsalar Damargu, yankinku na Tanut, ita ce ƙarancin masu aikin albashi. In ka cire ma'aikatan gwamnati da na matatar man SORAZ da ke gundumar Olelewa, wadda aka buɗe a 2011 kuma wutarta ba ta san Lahadi ba, yawancin mutanen Tanut da Balbeji manoman gero ne da makiyaya da 'yan kasuwa. Ɗan dako da yaron mota ranar kasuwa suka sani, kuma babu sandikar da ke ƙirga musu awa.

Kai da kake da albashi, ka fara da wakilin ma'aikata na wurinku, in akwai. In ba a daidaita ba, ka kai takardunka ofishin sufeton ƙwadago a Damagaram. Shi zai kira ku sulhu kafin maganar ta kai kotu.