Ɗana, Kafin a Kai Goro

Ɗana, jawo tabarmarka kusa, tunda iskar Binuwai ta fara kaɗowa, mu yi maganar nan kafin a kira magariba. Mahaifiyarka ta ce zuciyarka ta tsaya a kan Baturiyar da kuka yi karatu tare, kuma kwana uku ke nan barci ya ƙaurace mata. Kada ka ga laifinta, domin ba farar fata take tsoro ba. Tsoronta kada wata rana a kawo mata jika, ta gaishe shi da Fulatanci, ta sake da Hausa, yaro ya tsaya yana kallonta kamar baƙuwa.

Ni dai ban kira ka don in hana ka ba. Tun da Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, auratayya ce ta ɗinke Fulani da Bata da Hausawa da sauran ƙabilu, kuma a huɗubar ban kwana Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya mana cewa tsoron Allah ne ma'aunin fifiko, ba launin fata ba. Yanzu ga Jami'ar Amurka a cikin garinmu, ga yaranmu a ƙasashen duniya, saboda haka irin wannan aure ƙaruwa zai yi.

Ka gode wa Allah da zamanin da ka zo a ciki. Sai a 1967 kotun ƙolin Amurka ta soke dokokin da suka hana baƙaƙe da farare aure, Afirka ta Kudu kuwa ta riƙe tata dokar daga 1949 har 1985. Seretse Khama, magajin sarauta a ƙasar da ta zama Botswana, ya auri Ruth Williams a Landan a 1948. Baffansa ya ƙi, Turawan mulki suka raba shi da ƙasarsa, amma matar nan ta haƙura ta zauna da shi har ya zama shugaban ƙasa a 1966, kuma mutuwa ce ta raba su a 1980. Hali ne ya riƙe wannan gida, ɗana, da haƙuri.

Saboda haka ka fara da binciken niyyarka. In biza kake hange, ka janye tun yanzu, domin ƴar mutane ba tsani ba ce, kuma alhaki kwikwiyo ne. In kuwa don Allah kake sonta, kada ka ɓoye mata komai. Ka kawo ta Jimeta a watan Afrilu, lokacin da rana ke ƙona tafin ƙafa kuma wuta ta ɗauke, ta ratsa cunkoson kasuwa, ta ga gidanmu da baƙi ke sallama ba tare da sanarwa ba, ta san cewa albashinka akwai rabon gwaggo da ƙanne a ciki. Ku zauna ku warware maganar addini, da inda za ku zauna, da sunan yara da tarbiyyarsu, har da batun ƙarin aure, domin abin da aka rufe a lokacin zance shi ke tonuwa bayan suna. Kai ma ka girmama iyayenta, ka koyi ladabin gidansu kamar yadda kake so ta durƙusa ta gaida taka uwar.

Na taɓa tsayawa a Numan, inda Gongola ke shiga Binuwai, na ga ruwa biyu sun zama hanya guda, kowanne da kifin da ya zo da shi. Haka nake fata ga ƴaƴanku, su san dangin uwa, su san na uba, su iya amsa gaisuwar kakarsu.

In ka cika waɗannan, ni da kaina zan lallashi mahaifiyarka, in kuma tsaya maka wakili. Tashi mu yi alwala, ga ladan can ya fara.