Idan Kirsimeti ta iske yaronka: shawarwari ga iyaye a Sabon Birni da Isa

Wani zai ce ina ruwan Gobir da wannan magana, ƙasar da kusan kowane gida Musulmi ne. To, a duba Kiristocin da ke zaune da mu: sojan da ke tsaye a shingen bakin gari, da ɗan bautar ƙasa a sakandare, da Ibo mai kemis da yake rufe shago ya tafi gida duk ƙarshen Disamba. Rashin tsaro kuma ya watsa iyalai da yawa zuwa birnin Sakkwato, wasu suka ƙetara Gidan Runji da Maraɗi, inda yaron da bai taɓa ganin coci ba ya wayi gari yana jin waƙar Kiristoci ta bayan katanga. Gwamnatin Najeriya tana ba da hutu ranar 25 da 26 ga Disamba, da Jumma'a da Litinin na Ista. Nijar ma tana hutun Kirsimeti da Litinin ɗin Ista. Yaro zai gani, kuma zai tambaya.

1. Amsar farko ta fito daga bakinka. Idan ɗan shekara biyar ya ce, "Baba, don mi mai kemis ya rufe?" ka ce masa sallarsu ce ta zo, ya tafi wurin danginsa kamar yadda kawunka yake dawowa daga Legas da babbar salla. Wannan ta ishe shi. Tsawa da "rufa mini baki" ba ta kashe tambaya, sai dai ta tura yaron wurin abokan wasa, su kuma abin da za su faɗa masa ba za ka so shi ba.

2. Ka riga su ba shi labarin Annabi Isa. Musulmi ba baƙo ba ne a wannan haihuwa, tunda sura ta 19 a Alƙur'ani sunan Nana Maryamu take ɗauke da shi. A cikinta akwai naƙuda a gindin dabino, da zargin da mutanenta suka yi mata, da jariri da ya yi magana a zanen goyo. Uwa ta ba da shi da dare kamar yadda take ba da tatsuniya, amma ta ce wannan gaskiya ne. Daga nan bambancin yana da sauƙin faɗa: mu mun yarda manzon Allah ne, muna sonsa, ba ma bauta masa, Kiristoci suna cewa ɗan Allah ne, mu ba mu yarda da haka ba. Batun gicciye da Ista a bar shi sai yaro ya kai shekara tara ko goma. Wanda ya fi wayo a ƙara masa da labarin hijirar sahabbai zuwa Habasha, inda sarki Kirista, Najjashi, ya saurari wannan sura daga bakin Ja'afar ɗan Abu Ɗalib, ya ƙi miƙa su ga Ƙuraishawa. Yaran da su ma aka koro daga gida suna jin wannan labari da wani kunne daban.

3. Maigida da uwargida su daidaita tun kafin ranar. Malamai sun saɓa a kan cewa "barka da Kirsimeti": da yawa sun hana, wasu sun yarda idan gaisuwar maƙwabtaka ce kawai. Ku tambayi malamin da kuka amince da shi, ku tsaya a kan magana ɗaya. Abin da ke rikita yaro shi ne uba ya hana, inna ta ƙyale, kaka ta zo da ta uku. Gidan da ya zaɓi kada a faɗa, ya koya wa yaro abin da zai ce a madadinsa: "Ina kwana, ya hutu? Mun gode." Shiru da ɗaure fuska ba fatawar kowa ba ce.

4. Kwanon shinkafar maƙwabta. A nan ne iyaye suka fi kwafsawa. Suratul Ma'ida, aya ta 5, ta halatta abincin Ma'abota Littafi. Malaman Malikiyya kuma sun karhanta naman da aka yanka da sunan idinsu ko cocinsu. Alade da giya ba a ma zancensu. Kiristocin da suka daɗe a Arewa sun san duk wannan, shi ya sa da yawansu suke kiran Musulmi ya yanka musu kaza ko akuya, don maƙwabta su ci ba shakka. Tambaya ba laifi ba ce, babba ga babba, cikin ladabi. Idan kun yanke ba za ku ci ba, ku karɓa ku yi godiya, ko ku nemi afuwa tun da wuri kada a kawo. Amma kada a juye abincin a bola a gaban yaro. Gobe a wurin wasa zai faɗa wa ɗan gidan, kalma da kalma, kuma zumuncin shekaru ya tafi a kan faranti ɗaya. Idan ƙaramar salla ta zo, a ɗora wa yaron nan tuwon salla ya kai musu da hannunsa.

5. Tsare bakinsa. Yaro yana ɗaukar "arne" a matsayin zagi tun kafin ya iya Fatiha, kuma a tsakar gida yake tsintarta. Suratul An'am, aya ta 108, ta hana zagin abin da wasu suke bautawa, don kada su rama a kan Allah. Akwai kuma wani abu na mu Gobirawa: wasan taubasantaka da Yarbawa. Yaro yana ganin ubansa yana tsokanar soja Bayarabe, ana dariya, sai ya zaci komai abin tsokana ne. A gaya masa wasan yana tsayawa a kan tsage da abinci da wane ne ubangidan wane. Ba ya shiga addini, don Bayarabe ɗaya yana iya zama Musulmi, ƙaninsa Kirista. Ni a ganina, a ƙasar da masu kashe mu da ƙona motocinmu suke amsa sunayen Musulmi, koya wa yaro cewa mugu shi ne mai zuwa coci zalunci ne ga hankalinsa.

6. Ƙarar nokawut. Daga tsakiyar Disamba zuwa daren sabuwar shekara yaran birni suna fasa shi, na Musulmi da na Kirista. Ga yaron da ya kwana a daji saboda harbi, wannan ba wasa ba ne. Idan kuna Sakkwato ko Maraɗi, ku gaya masa tun da rana cewa zai ji ƙara da dare, ba bindiga ba ce, ya kwana kusa da babba. Kada a saya masa.

7. Waya da makarantar kuɗi. Jar hula da Fada Kirismas suna shigowa ta bidiyo ko da babu Kirista a unguwa. Faɗa masa gaskiya: mutum ne ya sa kaya da gemun auduga, iyaye ne suke sayen kyautar. Idan makaranta ta shirya bikin ƙarshen zango, je ka tambayi shugabanta abin da za a yi. Rabon sakamako da biskit daban, waƙoƙin ibada daban. Kana da damar cewa a cire ɗanka daga na biyun ba tare da rigima ba.

8. Na gida ma yana nan. Ba Kirsimeti kaɗai ce bikin wani addini ba. Sarautar Inna, uwar 'yan bori, tsohuwa ce a Gobir, kuma a Masalata kusa da Birnin Ƙonni har yanzu Arna suna buɗin daji kowace shekara. Yaron da ya je ganin dangi a Tsibiri yana iya jin garaya da girka, ya ga an hau. Kada a kai shi kallo, kada kuma a cika masa kai da tsoron iskoki har ya kasa fita fitsari da dare. A ce masa abin da kakanni suke yi ne kafin karatu ya game ƙasa, mu mun bari, a biya masa addu'ar kwanciya.

9. Idan rashin lafiya ta kai ku Galmi, asibitin da mishan ɗin SIM ya buɗe a 1950, za a ji wa'azi da waƙoƙin Kirista da Hausa, musamman a ƙarshen shekara. Gaya wa yaro tun a mota cewa magani kuka zo nema, masu aikin Kiristoci ne, za a gaishe su da girmamawa. Ku tafi da tabarmar salla da buta, lokaci ya yi ku yi abinku yana gani.