Yadda Ake Datse Shukar Masoyi

A cikin shuke-shuken da ake ajiyewa a tukwane don ƙawata ɗaki, akwai wata mai yaɗo wadda Turawa ke kira shukar masoyi, domin ganyenta siffar zuciya gare shi. Masana suna ce da ita filodendron, kalmar Girkanci ce, ma'anarta mai son itace. Asalinta kuwa daga kurmin Amurka ta Tsakiya ne da tsibiran Karibiyan, inda takan kama gindin manyan itatuwa ta yi ta hawa tana neman haske. Dangin gwaza ce da muka sani.

To, in aka raba ta da kurmi aka sa ta a ɗaki, ba ta barin halinta. Sai ta yi ta miƙa reshe ɗaya siriri, ganye nan ɗaya can ɗaya, gindi kuwa ya zama tsirara. Mai ita yana ganin tsawo yana murna, alhali kuwa ramewa take yi. Maganin wannan shi ne datsa. Amma wuƙa a hannun wanda bai san dalili ba ɓarna ce, saboda haka ya kamata mu fara da dalilin.

In muka duba reshen da kyau, za mu ga yana da gaɓoɓi kamar na rake. A kowace gaɓa akwai ganye, a hammatar ganyen kuma akwai ɗan ido wanda ke barci. Me ya hana shi tohowa? Kan reshen ne. Can a ƙarshe, inda sabon ganye ke fitowa, ana yin wani sinadari mai suna oksin, shi ke gangarowa ya danne idanun da ke ƙasa. Wasu masana biyu, Thimann da Skoog, su suka tabbatar da haka a Amurka cikin 1933. Watau kan reshe kamar sarki ne, muddin yana nan ba mai motsi. Da an cire shi, sai idon da ke kusa ya farka ya fid da sabon toho.

Da yake mun gane wannan, wurin yanka ba zai ɓace mana ba. A yanka a bisa gaɓa, da tazarar kamar kwatan inci. In an bar dogon kututture a kan gaɓar, bushewa zai yi ko ya ruɓe. In kuwa an yanka cikin gaɓar, an kashe idon da ake so ya toho, aikin ya zama banza.

A nemi almakashi ko aska mai kaifi, a wanke ta sarai, gama dakusasshiyar wuƙa murje reshe take yi, mai dauɗa kuma takan kai cuta daga wannan tukunya zuwa waccan. A fara da ganyen da ya yi rawaya da reshen da ya mutu, sa'an nan a koma kan dogayen nan marasa ganye. Kada a ɗebe fiye da kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda, domin ganye shi ne madafar abincin shuka. Ƙananan rassa kuwa ba su bukatar ƙarfe, a tsinke kansu da farce ya isa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne sa'ad da shukar ke cikin ƙarfinta, kamar farkon damina. Da hunturu girmanta kan ja baya, rauni kuma ba ya saurin warkewa. Bayan an datsa, a ajiye ta inda haske ke shiga amma rana ba ta dukanta, gama ƙarancin haske shi ne ya sa ta zuƙewa tun da fari. Kada kuma a cika mata ruwa, sai bisan ƙasar ya sha iska.

Abin da aka yanke ba na zubarwa ba ne. A zaɓi yanki mai tsawon inci 4 zuwa 6, a cire ganyen ƙasa, a tsoma gaɓar cikin kwalbar ruwa. Cikin 'yan makonni saiwa za ta fito. In aka dasa shi a gindin uwar, sai tukunya ta cika fam.

Sauran gargaɗi ɗaya. Ruwan jikinta yana da ƙaiƙayi irin na ɗanyar gwaza, wanda ya tauna ganyen bakinsa zai yi zafi ya kumbura. A wanke hannu bayan aiki, a kuma nisantar da ita daga ƙananan yara da kyanwa.

Mu da za a ba amanar lambun makaranta gobe, lalle ne mu riƙe wannan. Yaron da ya ga ido ya farka a gaɓar da ya yanka da hannunsa, ba zai sake sa wa itace wuƙa da ka ba. Allah ya sa mu amfana da abin da muka koya.