Amsar Tambaya: A Ina Haruffa Masu Zagayayyen Baki Suka Dace?

Haruffa masu kauri da zagayayyen baki an yi su ne domin kanun rubutu, allunan shaguna da kwalayen kaya, inda ake son kalma ɗaya ko biyu su ja ido daga nesa. Rashin kaifinsu yana ba rubutu sakin fuska, shi ya sa suke karɓar kayan yara, ledar alewa da katin suna.

Salon ya daɗe. Cooper Black na Oswald Cooper ya fito a Amurka a 1922, VAG Rounded kuwa kamfanin Volkswagen aka zana wa a 1979. Comic Sans, wanda Vincent Connare ya zana wa Microsoft a 1994, shi ya fi shan suka, kuma rabin laifin na masu amfani da shi ne, da suke cusa shi a takardar ofis har da sanarwar rasuwa.

Ba a cika shafi da su, domin ido yana gajiya. Kanu kaɗai ake ba su, sauran bayani a sa shi da siraran haruffa. Mai aikin Hausa ya gwada ɓ, ɗ da ƙ kafin bugawa, don da yawa daga cikinsu ba su da waɗannan haruffa.