Kar ka ɗora wa shafi kayan da bai nema ba

Saura kwana tara in kare aikina na kammala difloma, malamin da ke duba ni ya buɗe wikin da na gina wa sashenmu a wayarsa. Shafin farko ya daɗe yana juyawa, da ya buɗe kuma mahaɗin tsoffin tambayoyin jarrabawa da na ƙara a gefe babu shi. Na ce, "Wallahi Malam, a kwamfutata yana nan." Ya miƙo min wayar ya ce ai ba kwamfutata za a ba maki ba.

Da MediaWiki na gina shi, manhajar da Wikipedia ke tafiya a kanta, har da ta Hausa. Kuma laifin nawa ne, ba na manhajar ba.

Akwai wani shafi mai suna MediaWiki:Common.js. Duk JavaScript ɗin da ka zuba a ciki, kowane maziyarci sai ya sauke shi, ko wane shafi ya buɗe. Ni kuwa na mai da shi ɗakin shirgi: har lambar da mai gyara rubutu kaɗai ke buƙata tana ciki, mai karatu yana biya da datarsa. A saman duka na jawo jQuery daga waje, alhali MediaWiki tana zuwa da tata. Ta biyun ta danne ta farko, ƙananan kayan da aka jingina a jikin ta farkon suka ɓace, teburorina suka daina jeruwa in an taɓa kansu. Kwana biyu ina zargin sabis.

Tun sigar 1.17, wadda ta fito a 2011, MediaWiki tana da ResourceLoader. Shi ne mai rabon kaya. Yana kasa lambobi zuwa ƙunshi-ƙunshi, kowane da sunansa da sunayen waɗanda ya dogara da su. In shafi ya nemi ƙunshi biyar, sai ya matse su, ya cire sarari da bayanan da na'ura ba ta karantawa, ya aiko su a haɗe ta load.php. Burauza kuma ta adana, gobe ba sai an sake saukewa ba.

To ga inda mahaɗin nan ya ɓata, kuma nan ne nake so 'yan ajin ƙasa su nutsu. Na kira mw.util kai tsaye ba tare da na ce ina buƙatar ƙunshin mediawiki.util ba. A kwamfutata yana ajiye tun tuni, don haka yakan riga lambata isowa. A wayar Malam, da sabis mai jan ƙafa, lambata ta riga shi, ta nema ta rasa, ta tsaya cik. Sa'a ce ke riƙe da ni ban sani ba. Umarnin mw.loader.load aika ne kawai, ba ya jiran ɗan aike ya dawo. Shi kuwa mw.loader.using yana jira, sai kayan sun iso ya saki aikinka. Layi ɗaya na sauya, mahaɗin ya dawo.

Sauran shirgin na kwashe zuwa Gadgets, wani ƙari da ke zuwa tare da MediaWiki, kunna shi kawai ake a LocalSettings.php. A shafin MediaWiki:Gadgets-definition kana rubuta abin da kowace lamba ta dogara da shi a gaban dependencies, in ka sa actions=edit kuma ba za ta sauka ba sai ga mai gyara.

In abu ya rikice, ƙara ?safemode=1 a ƙarshen adireshi; yana kashe lambobin da kuka ƙara, in shafin ya warke kun san gida za ku bincika. Shi kuma ?debug=true yana nuna lambar a warware, ka ga layin da ya karye. Bayan gyara a ba shi kamar minti biyar kafin ya isa ga kowa. Ni ban san haka ba, na goge gyara mai kyau har sau biyu.

Ranar kariya da tsohuwar wayar ƙanwata na shiga, na ajiye ta a gaban Malam tun kafin ya ciro tasa.